Ɗan adawa a majalisa: surutu yake yi ko aiki?

Tsohon Ɗan Acaɓa (Agege)

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Jiya bayan isha'i muka yi gardama a teburin mai shayi har ta kusa ɓata zumunci, shi ya sa na ce bari in kawo ta nan inda akwai masu ilimi da dattawa. Wani abokina ya ce ɗan majalisar da ke jam'iyyar adawa ba shi da wani amfani, gara ya sauya sheƙa ya koma wajen masu mulki ko ya samo wa mutanensa rijiyar burtsatse da taransifoma. Ya ce duk tashi da yake yi a zaure yana tambayar gwamnati, ihu ne kawai, ana buga guduma an wuce wurin.

Ni ban yarda ba, kuma ga dalilina.

A ranar 1 ga Yuni 2022 aka fara aiki da dokar hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida na Legas: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Mainland, Island da Apapa. Bayan wata uku aka ƙara da Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. A cikin wannan tsakanin aka kama babur ɗina. Saura biya huɗu in gama biyan mai shi. Ina tsaye da hular kwano a hannu aka ɗora shi a mota, rasit ɗin biyan da na yi na ƙarshe yana aljihuna, har yau yana nan cikin leda. Ban ce gwamnati ba ta da hujja ba. Haɗari ya yi yawa, kuma a cikinmu akwai ɓata-gari, wannan kowa ya sani. Amma a daren nan abin da raina yake so ba buhun shinkafa ba ne. So nake in ji mutum ɗaya ya miƙe a Alausa, inda majalisar dokokin Legas take, ya ce: mutum nawa ne za su rasa sana'a? Me aka tanadar musu? Wanda ya ci bashi ya sayi babur, wa zai biya masa? Ko da za a kayar da shi a ƙuri'a, a dai tilasta wa wani kwamishina ya buɗe baki ya ba da amsa a rubuta.

To wanda jam'iyyarsa ce ta kawo tsarin, da wane baki zai yi wannan tambayar? Wannan shi ne aikin ɗan adawa a wurina. Ku gyara mini in na yi kuskure.

Alhajin Albasa (Mile 12)

Wa alaikumus salam. Ƙanena, Allah ya mayar maka da alheri. Amma ni ina bayan abokinka. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A zaɓen 2023 kujeru 40 na majalisar Legas, 38 APC ta ɗauka, biyu suka tafi Labour. Mutum biyu cikin arba'in me za su yi? Ko sun kwana suna tambaya, abin da aka shirya shi za a yi. Ni ɗan kasuwa ne, abin da na gani a ƙasa shi na sani. Wanda ya gyara mini hanyar da tirela ke bi ta shigo da kaya ya fi mini mai dogon Turanci.

Malamar Idi-Araba

Alhaji, da girmanka, hanyar nan da kuɗin wa ake gyara ta? Harajin da kuke biya a kasuwa ne. Idan an rubuta hanyar a kasafin kuɗi shekara uku a jere ba a yi ba, wa zai tambayi inda kuɗin suka shiga? Mai gyaran hanya daban, mai tambayar kuɗin hanya daban. Mun haɗa su wuri ɗaya, shi ya sa muke rasa duka biyun.

Alhajin Albasa (Mile 12)

Malama, na ji. Amma a nuna mini sau ɗaya da tambaya ta canja wani abu a ƙasar nan.

Lauyan Obalende

Alhaji, bari in fara da abin da doka ta ba su, sannan in zo kan tambayarka, don mutane da yawa sun ɗauka ɗan majalisa makaminsa bakinsa ne kawai.

Tsarinmu ba irin na Ingila ba ne. Can firaminista ɗan majalisa ne, duk Laraba sai ya tsaya a gaban zaure shugaban adawa ya yi masa tambayoyi ido da ido, kuma 'yan adawa suna da nasu mutum a kan kowace ma'aikata yana bin diddigin ministan. Mu tun 1979 muka koma tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka. Shugaban ƙasa da ministocinsa ba sa zama a majalisa. Saboda haka tambayar ba a zaure take da ƙarfi ba, a kwamiti take.

Kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 88, ya ba majalisar tarayya ikon bincikar duk wata ma'aikata ko hukuma da ke kashe kuɗin da majalisa ta ware, don a bankaɗo cin hanci, sakaci ko almubazzaranci. Sashe na 89 ya ba ta ikon kiran kowa ya zo ya ba da shaida da takardu, in ya ƙi a ba da sammacin kamo shi. Sashe na 67 ya ce minista dole ya halarta idan an gayyace shi ya yi bayanin ma'aikatarsa. Majalisun jihohi suna da irin wannan iko a sashe na 128 da 129, har da ta Alausa. Sannan akwai kwamitin da ke duba rahoton babban mai binciken kuɗi na ƙasa, wanda bisa al'ada ɗan adawa ake ba shugabancinsa, don ba a ba kura ajiyar nama.

Ɗan adawa ɗaya tal, in ya san aikinsa, zai iya zama a kwamiti ya ɗauko shafin kasafi ya ce da babban sakatare: wannan aikin bara an ba ku kuɗinsa, ga shi ya sake dawowa bana, ina na bara? Ba ya bukatar rinjaye kafin ya yi wannan. Karatu yake bukata da rashin tsoro.

Misalin da ka nema kuwa: farkon 2023, lokacin canjin takardun naira. Gwamnan babban banki na lokacin ya yi ta ƙin amsa gayyatar majalisar wakilai, sai da kakakin majalisa ya ce zai yi amfani da sashe na 89 a kamo shi, sannan ya bayyana a gaban kwamitin Alhassan Ado Doguwa a ƙarshen Janairu.

Direban Tanka (Apapa)

Barista, ai misalin naka ya kayar da kai. Doguwa da kakakin duk 'yan jam'iyya mai mulki ne. Rikicin cikin gida ne ya sa suka yi zafi, zaɓe saura wata ɗaya kuɗi sun ɓace. Ina adawa a nan?

Lauyan Obalende

Gaskiyarka Malam, na karɓa. Abin da misalin ya nuna shi ne makamin yana aiki in an ga dama. Matsalar kenan: masu mulki ba sa zare shi sai ranar da abin ya taɓa su. Sauran ranakun wa zai zare?

Baba Mai Goro (Agege)

'Ya'yana, na karanta duka, jikata ce ke rubuta mini. Ku bar ni in yi tsawo kaɗan.

Ku da kuke zaune a Legas, majalisar ƙasar nan a garin nan take kafin a kai ta Abuja, can filin sukuwa da ake kira dandalin Tafawa Ɓalewa yanzu. A jamhuriya ta farko Cif Awolowo ne shugaban adawa, Abubakar Tafawa Ɓalewa firaminista, suna zaune suna fuskantar juna. Lokacin samun 'yanci an ƙulla yarjejeniyar tsaro da Ingila wadda ta ba sojojinsu wasu dama a ƙasarmu. 'Yan adawa ba su da yawan da za su hana ta a ƙuri'a, kuma ba su hana ba. Amma ba su yi shiru ba. Suka yi ta magana a zaure da waje, ɗalibai suka taso suka yi zanga-zanga har harabar majalisa. A farkon 1962 gwamnati da kanta ta soke yarjejeniyar. Alhaji, ga amsarka ɗaya. An kayar da su ranar ƙuri'a, amma maganarsu ce ta tabbata.

Ni ɗan PRP ne tun 1978, kuma kafin nan gidanmu gidan NEPU ne. Mun san abin da ake kira adawa da jikinmu, iyayenmu an ɗaure su an yi musu bulala a kan kati. Malam Aminu Kano bai taɓa zama shugaban ƙasa ba, bai taɓa zama gwamna ba. Amma harajin kai da jangali da ya yi ta magana a kansu shekara da shekaru, ranar da PRP ta karɓi Kano da Kaduna a 1979 aka soke su. Maganar da aka daɗe ana yi wa dariya ita ta zama doka.

Sai dai zan faɗa muku ɗaya gefen don kada in zama mai son kai. Rinjaye a majalisa ma yana zama zalunci in an mai da shi makamin gaba. A Kaduna NPN ce ke da rinjaye a majalisa, gwamna Balarabe Musa na PRP. Suka ƙi amince masa da kwamishinoni, ya yi mulki babu su, a 1981 suka tsige shi. Wannan ba tambaya ba ce, ƙiyayya ce. Saboda haka in kun ce adawa, ku bambance mai cewa gyara kayanka da mai cewa sauke mu raba.

Tsohon Ɗan Acaɓa (Agege)

Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Wallahi ban san labarin yarjejeniyar nan ba sai yau.

Ɗalibar Akoka

Baba ya kawo na da, bari in kawo na yanzu, kuma shi ne ke sa ni fahimtar Alhaji ko da ban yarda da shi ba.

Maris 2024. Sanata Abdul Ningi na PDP daga Bauchi ta Tsakiya ya yi hira da sashen Hausa na BBC ya ce akwai kusan naira tiriliyan 3.7 a kasafin shekarar da ba a ga ayyukan da aka jingina su da su ba. Fadar shugaban ƙasa ta musanta. Me majalisar dattawa ta yi? Ta dakatar da shi wata uku. Na kalli zaman kai tsaye a waya, muna ɗakin kwana mu biyar a kan katifa ɗaya. A cikin zaman wani sanata daga Kuros Riba ya miƙe ya ce manyan sanatoci an ba kowannensu ayyukan miliyan 500, zauren ya kaure da hayaniya. Abin da ya tsaya mini a rai, tambayar ba a amsa ta da lissafi a gaban jama'a ba, mai tambayar aka hukunta.

Kafin shi, 2016, Abdulmumin Jibrin Kofa ya yi zargin cushe a kasafi, aka dakatar da shi kwanakin zama 180. Ali Ndume an dakatar da shi a 2017, sannan a Yuli 2024 aka cire shi daga muƙamin bulaliyar majalisa bayan ya soki gwamnati kan tsadar rayuwa. Waɗannan biyun ma 'yan jam'iyya mai mulki ne a lokacin. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Duk ɗan majalisar da ya ga haka, wane darasi zai ɗauka?

Lauyan Obalende

Ƙanwata, kotu ta ce dakatarwar Ndume ta 2017 ba ta bisa doka, haka ma ta Sanata Omo-Agege a 2018. Hujjar a fili take: in ka kori sanata wata shida, mutanen mazaɓarsa ka kora, su da ba su yi laifin komai ba. Amma kafin hukunci ya fito an riga an sha wahalar.

Sai dai ina da magana a kan Ningi, kuma na san wasu ba za su ji daɗi ba. Zargi mai nauyin tiriliyan uku, kamata ya yi ranar da ka faɗe shi takardun suna hannunka, shafi da layi, ka raba wa 'yan jarida kwafi, ka ajiye ɗaya a gaban zaure. Da aka matsa shi a zaure, maganar ta koma wane ne ya fassara hirar daidai wane ne bai fassara ba, abokansa na ƙungiyar sanatocin arewa da yawa suka janye jiki. Masu rinjaye kullum suna jiran ka yi tuntuɓe a kalma ɗaya su bar maganar kuɗi su koma maganar ladabi. Ɗan adawa ba shi da damar yin kuskuren da ɗan gwamnati zai yi a wuce.

Ɗalibar Akoka

Yaya Barista, ko da ya yi tuntuɓe, maganin tuntuɓe a buɗe littafin kowa ya gani. In ƙarya ya yi, lissafi zai kunyata shi fiye da dakatarwa.

Lauyan Obalende

A nan ba mu da saɓani.

Mahaucin Oko-Oba

Ni duk ba wannan ba. Waɗannan 'yan adawar da kuke karewa, da aka raba manyan motoci a 2023 wa ya mayar da tasa? Litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500, kafin ƙarshen 2024 ta haye 1,000. Saniyar da ake ɗauko mana daga arewa kuɗin motarta kaɗai ya isa jari a da. A wannan halin suka karɓi mukullai, da masu mulki da masu adawa, babu wanda ya ce a kaɗa ƙuri'a. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Wanda ya ci tare da kai ba zai tambaye ka ina naman ya tafi ba.

Malamar Idi-Araba

Wannan magana ta Malam ita ce ta fi ci mini rai a duk muhawarar nan, don gaskiya ce. Amma ina so mu juyo da madubin wajenmu.

Ina koyarwa a makarantar firamare, kuma ina cikin ƙungiyar mata ta unguwa. Lokacin zaɓen da ya wuce wani ɗan takara ya zo wurinmu, ba zan faɗi suna ko jam'iyya ba. Mun zauna mu wajen sittin a ƙarƙashin rumfa. Na rubuto tambayoyi uku a bayan takardar jarrabawa: ajin da nake koyarwa yara sun fi ƙarfin kujeru, magudanar ruwan layinmu, da kuɗin awo a asibiti. Na miƙe na fara ta farko, wata uwa a bayana ta ja mini mayafi ta ce, Malama zauna, kada ki kore mana rabo. Aka raba atamfa da kuɗin mota, aka watse. Takardar na dawo da ita gida a jaka.

To mutumin nan in ya ci, ya riga ya gane abin da muke saye. Ya san ranar da zai dawo neman ƙuri'a babu mai tambayarsa sau nawa ya yi magana a kan kasafin ilimi. Za a tambaye shi kuɗin suna, kuɗin asibiti, kujerar Makka. Waɗannan kuwa ba a samunsu ta hanyar ɓata wa gwamna rai. Mu muke tura su sauya sheƙa, sannan mu dawo mu ce ba su da aƙida.

Alhajin Albasa (Mile 12)

Malama, ai kin dawo kan maganata. Talaka yunwa yake ji. Uwar nan da ta ja miki mayafi ba wauta ta yi ba, ta san atamfar nan ita kaɗai za ta gani a shekara huɗu.

Malamar Idi-Araba

Ban zarge ta ba Alhaji, wallahi ban zarge ta ba. Na san gidanta, na san abin da take dafawa. Amma jikokinta uku suna ajina a ƙasa suke zama.

Direban Tanka (Apapa)

Barista, tambaya. Wannan sauya sheƙar da ake ta yi, a 2025 sanatocin Kebbi uku duk suka bar PDP rana ɗaya, Kawu Sumaila ya bar NNPP, doka ta yarda mutum ya tafi da kujerar da aka ba shi a wata jam'iyya?

Lauyan Obalende

Sashe na 68 ya ce wanda ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi kafin wa'adi ya cika ya rasa kujerarsa, sai fa in jam'iyyar ta rabu gida biyu ko ta haɗe da wata. Kotun ƙoli ta fayyace a 2015, a shari'ar wani ɗan majalisar wakilai daga Ondo, cewa rabuwar dole ta kasance a matakin ƙasa, ba rikicin reshen jiha ba, kuma ta sauke shi. Amma wanda zai ayyana kujerar babu kowa shi ne shugaban zauren, shi kuwa galibi jam'iyyarsa ce ake shigowa. Shi ya sa duk wasiƙar sauya sheƙa za ka ji an rubuta rikici ya raba jam'iyyata. An san kalmar da ke buɗe ƙofar.

Mai Kula da Zaure

'Yan'uwa, na goge saƙo biyu da suka koma zagin jam'iyya da ƙabila. Muhawarar tana da kyau, a ci gaba da mutunta juna. Wanda zai kawo zargi a kan wani ya kawo abin da aka sani a fili.

Ɗalibar Akoka

Akwai abu ɗaya da nake ganin ya fi komai kashe adawa a majalisarmu, kuma ba a cika maganarsa ba: ƙuri'ar murya. Masu cewa e su ce e, masu cewa a'a su ce a'a, shugaba ya ce masu e sun yi rinjaye, ya buga guduma. Babu suna, babu adadi.

Ku duba dokar ta-ɓaci a Ribas, Maris 2025. Sashe na 305 ya ce sai kashi biyu bisa uku na dukkan 'yan kowane zaure sun amince, wato sanatoci 73 cikin 109, wakilai 240 cikin 360. Da murya aka amince a zaurukan biyu. An samu 'yan adawa da suka ce a ƙirga kai, ba a ƙirga ba. Ta yaya kunne zai auna 240? Ni ba ina cewa matakin daidai ne ko kuskure ba, wannan wata muhawara ce. Ina cewa ba ni da hanyar sanin abin da wakilina ya zaɓa a ranar. In da za a rubuta sunan kowa da abin da ya zaɓa a liƙa a intanet, da Malama ta samu abin da za ta riƙe a hannu ranar da ɗan takara ya dawo rumfarsu.

A 2006 abin da ya kashe tazarcen Obasanjo kenan. Shugaban majalisar dattawa na lokacin, Ken Nnamani, ya bari aka nuna muhawarar kai tsaye a talabijin, kowane sanata ya tashi ya faɗi matsayinsa mutanen garinsu suna kallo. Da yawa da aka ɗauka suna goyon baya suka kasa faɗa a gaban kyamara. Ranar 16 ga Mayu aka binne ƙudurin.

Baba Mai Goro (Agege)

Yarinyar nan Allah ya yi miki albarka. Ranar nan a rediyo na ji, muna rumfar goro, har wani ya yi kabbara.

Mahaucin Oko-Oba

To ai a Alausa ma mun ga abin da ke tayar da su. Janairu 2025 suka tsige kakaki Obasa, wanda ke wakiltar Agege ɗin nan tamu, suka naɗa mace, kafin wata biyu ya dawo kujerarsa. Makonni ana ta dambarwa, duk 'yan jam'iyya ɗaya. A kan kujera suna da murya.

Lauyan Obalende

Shi ya sa yawan kujeru yake da muhimmanci, a nan Alhaji yana da gaskiya rabi. Ku dubi Ghana bayan zaɓen 2020: manyan jam'iyyu biyu kowacce kujera 137, kakaki ya fito daga adawa. Da gwamnati ta kawo harajin tura kuɗi ta waya a kan kashi 1.75, sai da aka yi watanni ana ja, ta sauko zuwa 1.5 kafin ya wuce. A Afirka ta Kudu kuwa 'yan adawa marasa rinjaye ne suka yi ta tambayar shugaban ƙasa na lokacin, Zuma, kuɗin gwamnati da aka kashe a gidansa na Nkandla, aka yi ta fitar da su daga zaure, suka tafi kotun tsarin mulki, a 2016 ta ce ya mayar da wani kaso, kuma ya mayar. Na farko yawa ne ya yi aiki. Na biyu naci ne.

Mu ma nan, Femi Gbajabiamila na Surulere shekaru ya yi yana shugaban marasa rinjaye kafin ya zama kakaki a 2019. A 2012 da aka cire tallafin mai, mutane suka cika Ojota suna zanga-zanga, majalisar wakilai ta yi zaman gaggawa ran Lahadi ta ce a janye, binciken da ya biyo baya ya tona yadda ake biyan kamfanoni kuɗin man da ba su kawo ba. Shugaban kwamitin binciken kansa daga baya kotu ta ɗaure shi kan karɓar cin hanci, wannan ma gaskiya ne kuma abin kunya ne. Amma alƙaluman da suka fito ba su koma ciki ba. Waɗanda suke mulki yau sun san daɗin tambaya sarai, da ita suka hau.

Alhajin Albasa (Mile 12)

Na ji misalai, kuma na Baba ya shige ni. Ban sauka daga maganata gaba ɗaya ba. Har gobe in aka ce in zaɓa tsakanin hanya da jawabi, hanya zan ɗauka, don albasa ba ta jiran kwamiti, kwana uku a tirela ta fara ruɓewa. Amma na yarda da abu ɗaya: kuɗin da muke biya a ƙofar kasuwa kullum, ban taɓa ganin takardar da ta ce ga inda suka tafi ba, kuma ban taɓa tura kowa ya tambaya ba.

Tsohon Ɗan Acaɓa (Agege)

Alhaji, ni ma yanzu dako nake yi a kasuwarku, wataƙila na taɓa sauke maka buhu ba mu san juna ba.

Barista, mutum irina yana da hanyar da zai sa a yi tambayar nan a hukumance? Mu da aka kama wa babura muna da yawa a Agege kaɗai, wasu sun koma gida, wasu har yau mai babur yana binsu kuɗi. Ba babur nake nema a dawo mini da shi ba, na san an wuce nan. So nake a tambaya a rubuce, a amsa a rubuce.

Lauyan Obalende

Akwai. Ana rubuta koke, masu abin su sa hannu, a miƙa wa ɗan majalisa ya gabatar a zaure, daga nan a tura wa kwamitin koke-koken jama'a, shi kuma yana da ikon kiran hukumar da abin ya shafa. Ku fara da wakilin mazaɓarku, haƙƙinku ne a kansa ko wace jam'iyya yake. In ya yi nauyin baki, ku nemi wani. Ba zan yi maka alkawarin sakamako ba, kuma zai ɗau lokaci. Kada ku sa zagi, kada ku sa abin da ba za ku iya nunawa ba. Suna, ranar da aka kama, wurin, da sauran bashin da ke kan kowa.

Rasit ɗin nan da ka ce yana cikin leda, ka ce da sauran su nemo nasu.

Malamar Idi-Araba

In za ku zauna ku sanar da ni. Da yawansu ba sa rubutun boko, zan zo da biro da takarda in riƙa ɗaukar bayanin kowa. Tambayoyina uku ma suna nan, zan taho da su Barista ya duba mini ko ta makaranta za ta shiga irin wannan hanyar.

Tsohon Ɗan Acaɓa (Agege)

Asabar bayan la'asar ya yi muku? Zan yi magana da mutum bakwai da na san inda suke kwana, sauran sai an bi ta wajen masu shayi.

Lauyan Obalende

Ya yi. Ka turo mini kwatancen wurin ta akwatin sirri.